Kajin da Suka Yi Ritaya a Gidan Yaya

Yunwa ce ta fara kai ni cikin masu ƙin cin nama. A shekarata ta farko a Manchester ina karatu a jami'ar da ke Oxford Road, ina hayar wani ɗan ɗaki a Levenshulme. Maƙwabciyata wata Baturiya ce, tsohuwar nas da ta yi ritaya, siririya kamar sillen kara, ga ƙarfin hali. Ita ce uwar wata ƙungiya ta 'yan vegan, wato mutanen da ba sa cin nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara. Ko zuma ba sa lasa, wai gumin ƙudan zuma ne. Ranar Asabar sukan tsaya a tsakiyar gari da hotunan shanu a mayanka, suna tare masu wucewa da magana. Ranar Lahadi kuma sai su taru a gidanta, kowa da kwanonsa, a ci tare.

Da ta gayyace ni, ban gaya mata cewa kakana na wajen uwa mahauci ne ba. Na dai ji an ce abinci, na sa mayafina na bi ta.

Abin da na tarar ya ba ni tausayi. Ganye tsanwa shar, ba gishiri ba mai. Wake an dafa shi fari sol kamar za a ba majinyaci. Mutanen kirki ne ƙwarai, amma tukunya ba ta san su ba. Lahadin da ta zagayo sai na soya ƙosai da awara, na ƙulla yaji a leda na kai. Wani dogon saurayi mai gemu a cikinsu ya dangwali yajin da yawa, hawaye na zuba, hanci na zuba, bai fasa miƙa hannu ba. Suka yi ta tambayata wace dabara ce wannan. Na ce a garinmu awara abincin wanda bai samu nama ba ne. Suka jinjina kai kamar na faɗi wata babbar hikima.

Daga nan na zama 'yar gida. Nas ɗin ta san ina cin nama, don ƙamshin farfesuna ta bango yake shiga mata, amma ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai dai ta ce, "A hankali za mu kama ki." Lokacin da mura ta kwantar da ni a sanyin farko, su ne suka yi ta zirga-zirga a kaina, wannan ya kawo miya, wancan ya kai ni wurin likita. Ko 'yan garinmu da ke jami'ar ba su yi mini haka ba.

Wata Lahadi na same su jugum-jugum. Ashe gonakin da ke kiwon kajin ƙwai, da zarar kaza ta rage saka ƙwai sai a tura ta mayanka. Ƙungiyar takan karɓo wasu ta nema musu gidajen da za su ƙarasa rayuwarsu. A wannan karon an samu kaji, an rasa gidaje. Guda huɗu suka rage.

Da yamma na kira Yayana da ke Birmingham. Injiniya ne, yana da gida mai fili a baya. Mahaifiyarmu, Inna, ta zo wurinsa daga Kano, kuma zaman ya ishe ta. Kullum tana bakin taga tana mitar ƙasar da rana ba ta fitowa, kazar kanti kuma in ka tauna kamar auduga. Ina cikin ba shi labarin kajin don mu yi dariya sai ya katse ni.

"Tsaya. Kaji masu rai?"

"Masu rai, Yaya."

"Kuma kyauta?"

"Kyauta."

"Kawo su duka."

Daga can nesa na jiyo muryar Inna: "Tambaye ta ko da zakara a ciki."

Na koma na shaida wa nas cewa ɗan'uwana ya nuna sha'awa matuƙa. Ban yi ƙarya ba.

Ranar Asabar muka ɗauki hanya a tsohuwar motarta, kajin na cikin kwalaye a baya. Da muka buɗe su a filin gidan Yaya, ni kaina sai da suka ba ni tausayi. Figaggu ne, wuya tsirara, tukkunsu ya koɗe. Ba su taɓa taka ciyawa ba, sai ɗaga ƙafa suke kamar an ajiye su a kan garwashi.

Inna ta fito da zanenta biyu da safa. Ta sunkuya ta cafki ɗaya, ta juya ta, ta latsa ƙirjin, ta buɗe fiffiken, ta ɗaga ta sama tana auna nauyi. 'Yar mahauci ce, hannunta ya san aikinsa.

"Wannan ai ƙashi ne da fata," in ji ta. "Sai an kiwata ta tukuna kafin a samu abin jefawa a tukunya."

Inna ba ta jin Turanci, nas ba ta jin Hausa, ni ce a tsakiya. Nas ta dube ni ta ce, "Me take cewa?"

Na ce, "Ta ce baiwar Allah ta rame da yawa, sai an ciyar da ita sosai."

Idon nas ya ciko da hawaye. Ta matso ta rungume Inna, da kaza da komai.

"Ke, me ya same ta?" in ji Inna, tana leƙo ni ta kan kafaɗar matar.

"Ta yaba yadda kika riƙe kazar ne, Inna."

"To ki ce mata ta ba ni zuwa Babbar Salla, za ta ga aiki."

Na ce wa nas, "Ta ce ki dawo lokacin Salla ki ga yadda za su koma."

Kafin mu tafi nas ta riƙe hannun Yaya, ta roƙe shi ya yi alkawarin za a bar kajin su yi tsawon kwanansu. Yaya ya gyara tsayuwa, ya ce mata da Turancinsa na ofis, kowace kaza za ta rayu har ranar da aka rubuta mata. Ya kalle ni ta wutsiyar ido. Na duƙa ina gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Abin da ba mu lissafa da shi ba shi ne 'yar Yaya, wadda aka haifa a Birmingham, mai amsa Hausa da Turanci. Mun ɗauka ba ta jin komai. Ashe kalmar tukunya ba ta wuce ta ba. Tun daga ranar ta zama 'yar sandan kaji, ta dawo daga makaranta ta ƙirga su, ta kwanta barci ta ƙirga su.

Labarin sauran watannin a waya na riƙa samunsa, wani kuma in na je hutun ƙarshen mako. Inna ta bar bakin taga. Da ta idar da sallar asuba sai ta fita da kwanon hatsi da guntun tuwon jiya, tana kiransu irin kiran da ake yi wa kaji a gida, su kuwa su biyo ta a guje. Ta fara yi musu hira. Ta ce sun fi mutanen unguwar amsa gaisuwa.

'Yan ƙungiya suka saƙa wa kajin 'yan rigunan sanyi na ulu, suka ba ni na kai. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kaza da suwaita! Duniya ina za ki da mu?" Amma da sanyi ya kankama, matar Yaya ta leƙa ta taga ta gan ta durƙushe tana zura wa ƙaramar cikinsu hannun riga. Da aka tambaye ta sai ta ce ai sanyi yana hana kaza yin ƙiba.

Wata safiya dila ya shigo filin, irin jan nan da ke yawo a unguwannin Turawa yana binciken shara. Inna ta fito da muciya, ba takalmi, ba mayafi, tana ƙwala ihu: "Ni in yi kiwo kai ka ci? Ɗan banza ɓarawo!" Maƙwabcinsu ya buɗe tagar bene yana tambayar ko a kira 'yan sanda. Dilan ya tsallake katanga, Inna ta jefa masa muciyar ta bi bayansa. Sai da Yaya ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar mutane ya karɓo ta.

Salla ta zo, na hau jirgin ƙasa na tafi Birmingham. Kajin sun murje, gashi ya fito ja yana sheƙi, sai rangaji suke a fili. Ana gobe Salla Yaya ya ɗauko wuƙa yana wasawa a kicin, yana 'yar waƙarsa. 'Yarsa ta je ta tsaya a bakin akurki ta harɗe hannuwa.

"Inna, wacce za a fara da ita?" in ji Yaya.

Inna ta fita, muka bi ta. Ta ɗauki ta farko ta latsa. "Wannan tana ƙwai, ba a yanka mai ƙwai." Ta ɗauki ta biyu. "Wannan ta tsufa, sai ta cinye muku gas ba ta nuna ba." Ta uku ko ɗaukarta ba ta yi ba. "Wannan ita ke jan sauran, in babu ita za su watse." Ta tsaya a kan ƙaramar, mai suwaita, ta daɗe tana shafa bayanta.

"Wai ma tsaya," ta juyo kan Yaya da faɗa. "A gidan wa ka taɓa ganin an ci kaza ranar layya? Ba ka ba da odar rago wurin mahauci ba? Haɗama dai!"

Yaya ya mayar da wuƙar aljihun kicin, aka yanka albasa da ita.

Bayan Salla nas ta zo ganin alkawari. Ta ga kajin, ta riƙe baki, ta sake rungume Inna. Sai dai a wannan zuwan an samu saɓani. Ta tambayi me ake yi da ƙwan, ta ce su a ƙungiya dafawa suke su mayar wa kajin su ci, don nasu ne. Wannan karon na fassara daidai, don ina son in ga abin da zai faru.

"Kaza ta ci ƙwanta?" Inna ta tafa hannu. "Ki ce mata ni ba na koya wa dabba mugun hali. Ina ba su masauki, ina ba su abinci, ina yi musu gadi. Ƙwai kuɗin haya ne."

Nas ta ce za ta kai maganar gaban ƙungiya. Na ji an yi Lahadi biyu ana muhawara a kai, ba a cimma matsaya ba.

Da kaka ta shigo, ganye ya fara zuba, ƙaramar ta daina ci. Inna ta sa Yaya a gaba sai ya kai ta asibitin dabbobi. Ya ce mini bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba: yana zaune da kaza a kwandon wanki, mai kare a damansa, mai zomo a hagunsa. Da aka zo buɗe mata kati aka rubuta mata sunan gidanmu, aka kuma kira sunan da ƙarfi a gaban jama'a. An ba da magani, amma bai yi ba. Ina gidan ranar da jikin ya tsananta. Yaya ya ce a hankali, "Inna, ko a yanka ta kada ta zama mushe?"

Inna tana zaune kusa da hita, kazar na naɗe a tsohon zanenta a kan cinya. Ba ta ɗago ba.

"Wadda ta sha magani wa zai ci? Bar ta."

Kafin la'asar ta mutu. Yaya ya haƙa rami a gindin bishiyar tuffa, 'yarsa na kuka, Inna na cewa ta yi shiru haka nan, alhali ita ma muryarta ba daidai take ba.

Na sanar da 'yan ƙungiya a waya, don dai su sani. Sai nas ta kira ni ta ce suna tafe ranar Lahadi.

"Zuwa me?" in ji Inna.

"Ta'aziyya."

"Ta'aziyyar kaza?" Ta dube ni ta ga ba wasa nake ba. "To ai baƙo ba ya zuwa a bar shi da yunwa. Me da me kika ce ba sa ci?"

Ta kwana biyu tana mita, miya ba ko ƙashi, ba man shanu, wannan ai zalunci ne. Ta jiƙa shinkafa ta yi waina, ta yi miyar taushe da kabewa da gyaɗa, ta zuba daddawar da ta zo da ita daga gida ba ƙaƙƙautawa. Suka iso mota biyu, da furanni. Inna ta sa mayafinta na fita unguwa, ta zauna a falo ta karɓi gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Ki ce musu an gode, Allah ya ba da lada." Suka je gindin tuffa suka yi tsit na ɗan lokaci, sannan aka zauna cin abinci. Mai gemun nan sai da ya suɗe kwano. Inna ta ce a ƙara masa, yaron kirki ne, yunwa ce kawai ta hana shi auruwa. Wannan ban fassara ba.

Da suka tafi ta kira ƙanwarta a Kano. Ina jin ta tana rantsuwa: "Wallahi mota biyu, tun daga wani gari. Har da fure." Ƙanwar ta ce a ba ta Yaya, tana son ta ji ko lafiyar Inna ƙalau.

Da bizarta ta ƙare ta koma gida, bayan ta tara mutanen gidan ta yi musu wasiyya a kan ukun da suka rage. Yanzu duk ranar Juma'a takan kira Yaya ta bidiyo. Ya gaishe ta, ya fara ba ta labarin aiki da na yara, ta saurara kaɗan, sannan ta ce, "To, na gan ka. Fita waje ka juya wayar."