Kwandon Jaigun Bibi Yana Rumfar Mai Shayi

Da zarar ruwan teku ya janye da safe, za ka hango Jaigun Bibi a kan jingar da ta raba ƙauyenmu da ruwan gishiri, a nan kudancin Bangladesh. Kwandon laka a ka, sanda a hannu, tana tafe tana zungurin ƙasa. In sandar ta nutse, ta san ƙaguwa ta yi rami. Sai ta durƙusa ta cusa laka har iya hannunta, ta daddanne da diddige.

Ramin ƙaguwa bai fi bakin kofi ba. Amma igiyar ruwa na shiga ta fito da ƙasa, ta koma ta sake fitowa da wata, har cikin jinga ya zama kogo, samanta kuwa lafiya lau. Tun mijinta na da rai take wannan aiki, ba wanda ya sa ta. Ita ta dasa itatuwan da ke karya ƙarfin igiya a gindin jinga, ita ke korar awakinmu daga cikinsu. Ladanta a wurinmu shi ne suna: Uwar Ƙaguwa.

"Khala, yau 'ya'yan naki nawa kika binne?" Haka Nitai mai shayi ke tsokanarta; Khala a harshenmu gwaggo ke nan.

"Bari in gama da su in dawo in toshe bakinka," in ji ta. "Shi ma yoyo yake."

Sai kiwon jatan lande ya shigo. Jatan lande ruwan gishiri yake so, don haka mazan gari suka riƙa huda jinga suna binne bututu, su jawo teku cikin gonakinsu. Jaigun ta bi gida-gida tana roƙo, aka ba ta kujera da ganyen taunawa, aka raka ta ƙofa. Har ɗanta Mokbul ya binne nasa.

"Inna, kowa fa ya yi. Ni kaɗai zan zauna ina kallo?"

"Teku ba ta san kowa ba, Mokbul. Ƙofa kawai take nema."

Ranar da guguwa ta zo, jinga ta tsaya daram duk inda hannun Jaigun ya bi. Wuri ɗaya ta ɓalle, kuma a bututun Mokbul ne. Gishiri ya cinye shinkafa, ya lalata tafkin da muke sha.

Abin da ya biyo baya shi ke sa alƙalami nauyi. Masu bututu a gindin gonarsu su suka fi ɗaga murya: "Ɗan mai gadin jinga ne fa ya jawo mana!" Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na Mokbul. Shi ya tattara ya tafi birni. Ita ta tsaya ta yi dakon laka tare da kowa har aka rufe ɓarakar. Tun daga ranar take jan gefen zanenta ta rufe fuska in za ta wuce rumfar shayi, ta daina rama tsokana. Ta ɗauki kunyar gari guda ta aza a kanta, gari kuwa ya bar mata kayan. Wannan abin kunya ne, kuma namu ne.

Jaigun Bibi, ke ce katangar marasa katanga. Ke kika toshe ramukan da ba mu taɓa gani ba, shi ya sa ba mu taɓa gode miki ba. Buɗe fuskarki, Khala. Ba ke ya kamata ki rufe ba.

Bana gwiwoyinta sun gaza. Ta kawo kwandon da sandar ta ajiye a rumfar Nitai.

"Damina na tafe, ga manyan igiyoyi," ta ce a hankali. "Bututun nan suna nan, ƙaguwa ma ba ta hutu. Wani ya karɓa."

Kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa. Nitai ya ce tun daga ranar masu shan shayi suke juya wa kusurwar da kwandon yake baya.

Mun gode, Jaigun. Allah ya saka miki, ya dawo miki da Mokbul. Amma godiya ba ta toshe rami. Mai bututu ya je ya tone abinsa, mai gwiwa ya hau jinga.

Shekaranjiya mata masu ɗiban ruwa suka gan ta a kan jinga, zaune, tana jan jiki daga rami zuwa rami, tana kwasar laka da tafin hannu tunda ta ba da kwandon. Kwandon kuwa har yau yana rumfar Nitai.