Muryar Maigidana a Rikoda

Bayan babban farin nan, wata ɗaliba Baturiya ta sauka a ƙauyenmu, kusa da Ɗanzomo. Jami'arsu ce ta ɗauki nauyinta, ta zo binciken yadda muke adana irin gero. Ikon Allah, a ƙetaro teku saboda rumbunmu!

Ta ɗauki muryar maigidana a rikoda, ta shigo cikin gida ta kunna mini. Sai na ji shi yana cewa, "Mai ɗakina ce ke zaɓar iri. Ba don ita ba, da yunwa ta tashe mu."

Bai taɓa yabona a gabana ba, kunya ta hana shi.

Allah Ya jiƙansa. Muryar tana can ƙasarsu. Har yau ina kuka, ina fatan akwai mai kunna ta.