Ƙyallen da Bai Tsufa Ba

Hannun Monsinyo, babban limamin coci, laushi gare shi kamar audugar da ba a taɓa kaɗawa ba. Da shi yake sa albarka, da shi yake nuna wa direba inda zai tsaya. Uwarsa kuwa wanki take yi a asibiti. Sabulu ya cinye mata fata har zanen tafinta ya goge, yatsun suka kanannaɗe kamar saiwar da aka tono. A layinmu Mama Mai Wanki ake ce mata, shi kuma Auta, kafin ya fi ƙarfin sunan.

Tun yana yaro mai hidimar bagadi ya gane inda inuwa take. Sauran yara suna rububin kaɗa ƙararrawa, shi yana bakin ƙofa yana jiran ya riƙe wa Fada jaka. Da ya shiga seminari, makarantar horar da fadoji, matar wani ɗan kwangila, wadda kowa ke kira Madam, ta ɗauki nauyin littattafansa da takalmansa. Kwana da yunwa uwar ce ta ɗauka, amma ba a sanar da irin wannan a coci. Kafin ya gama karatu ya iya kiran Madam “Mami”, da wata murya ta hanci da ba mu san shi da ita ba.

Ranar da ake naɗa fada, Bishop yakan shafa masa mai mai ƙamshi a tafin hannu, a goge da farin ƙyalle, sabon fadan ya ba mahaifiyarsa. Ta adana, in ta mutu a naɗe mata hannu da shi. Tsofaffi suna cewa idan Ubangiji ya tambaye ta me ta kawo, sai ta ɗaga hannu ta ce, “Na ba ka ɗana.” Mama ba ta taɓa fatan gida ko mota ba. Ƙyallen nan kaɗai ta sa wa rai.

Ranar ta zo. Mama tana bencin baya kusa da ƙofa, Madam tana na gaba. Auta ya sauko daga bagadi da ƙyallen a hannu, ya hangi tsawon cocin, tafiyar ta yi masa nisa. A bencin gaba ya tsaya, ya miƙa wa Madam.

“Ajiya na ba ta, Mama,” ya ce da aka fito. “Kin san ɗakinki yana yoyo.”

“To, Fada,” ta ce. Daga ranar ba ta sake kiransa Auta ba.

Sai hawa ya fara. Sakataren Bishop, sannan karatu a ƙasar waje, inda ya dawo da tabarau da wani tari na ƙasaita da yake yi kafin ya buɗe baki. Aka ba shi babban coci, aka ɗaura masa ɗamarar Monsinyo, ya zama na hannun daman Bishop. Cocin ƙauye bai taɓa ganin takalminsa ba sai ranar da za a ɗauki hoto. Wata shekara ya sa aka canja wa uwarsa kwanon ɗaki, ya kuma ambata a wa’azi. Yoyo ya tsaya, ƙyalle bai dawo ba. Yana falon Madam cikin gilashi, tsakanin agogon bango da hoton mijinta.

Shekarar da Bishop zai yi ritaya Mama ta kwanta. Yayarsa, wadda take ɗinki a bakin kasuwa, ta rufe shago ta same shi a ofis. Kafet ya haɗiye ƙarar takalminta, sanyin na’ura yana ta huci.

“Auta, Mama tafiya take yi. Je ka karɓo mata kayanta.”

“Yaya, a nan Monsinyo ake ce mini.”

“Lokacin da kake tsula mini fitsari a baya ban ga ɗamara ba. Za ka je ko in je?”

“Ki rufa mini asiri. Ran Asabar manyan baƙi za su ci abinci a gidan Mami, waɗanda ake jin maganarsu a sama. Yanzu ne zan je in cire mata abu daga bango? Ki bari wannan ya wuce.”

“To, sai ka aika wa mutuwa ta jira Asabar.”

Kafin Asabar ɗin sai ga shi ya zo, da rana tsaka. Motar ta kasa shiga layin, ya tattare bakin rigarsa yana tsallake kwata kamar mai tsallake wuta. Ɗakin yana nan yadda ya bar shi: gadon ƙarfe, tsohon dutsen guga, hotonsa na ranar naɗi da ƙuda ya ɓata. Ya zaro farin ƙyalle daga aljihu ya ɗora mata a ƙirji.

Idonta ya riga ya dushe. Ta shafa, ta kai hanci.

“Ikon Allah,” ta ce. “Ni na tsufa, kai ka yi teɓa, Madam ta sa haƙoran roba, shi yana nan da sitacinsa na kanti. Man ma bai bushe ba.”

Ya yi tarin nan nasa. “Abu ne mai tsarki, Mama.”

“Haka ne, Fada.”

Ya sa mata albarka, ya saci kallon agogo, ya fita. Da ƙarar motar ta ɓace, ta miƙa wa ’yarta ƙyallen.

“Kada ki naɗe ni da ƙarya. Ki bar hannuna haka.”

“In Ya tambaye ki fa, Mama?”

“Sai in ce Ya tambayi Madam. Ita ke riƙe da shi.”

Jana’izarta ta tara fadoji fiye da waɗanda suka taɓa gaishe ta tana raye. Madam tana bencin gaba tana tsane ido. Monsinyo ya yi wa’azi a kan hannun uwa, muryarsa ta karye daidai inda ya shirya ta karye. Da ya zo yayyafa ruwa a akwatin kafin a rufe, ya leƙa. Hannayen suna kan ƙirjinta, a fashe, a kanannaɗe, babu ko zare a kansu.

A maƙabarta rana ta buɗe, gumi yana gangaro masa cikin wuya. Yayar ta matso, ta buɗe jaka.

“Ungo, Monsinyo, share gumi.”

Ya gane ƙyallen. Amma mutane suna kallo, sai ya karɓa, ya share, har da godiya.

Hular Bishop da yake jira kan wani ta sauka. Ƙyallen gaskiya yana nan a falon Madam, ya yi rawaya a cikin gilashi, mai aiki tana goge masa ƙura.