Saƙon da Inna ba ta san ta aiko ba

Yau shekara shida ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata, a ƙauyenmu da ke bayan Gwiwa. Duk shekara nakan yi mata sadaka in yi shiru. Bana dai zan yi magana, domin kullum na kunna rediyo ko na buɗe jarida sai in tarar ana tsine wa waya: ta ɓata tarbiyya, ta hana yara karatu, ta kashe zumunci. Ban musa ba. Ni malamin makaranta ne a Kazaure, wayoyin da na ƙwace a aji sun ishe ni shaida. Amma bakina ba zai iya zagin waya ba, saboda alherin da ta yi min.

Ni ne ɗan farin Inna, ita kuwa Bafulatana ce ta asali. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunana ba. "Wancan" take ce min. Da na fara koyarwa sai na samu ƙarin girma, na koma "na Kazauren nan". In na durƙusa gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango, alhali ƙannena har tsokanarsu take yi. Na san kunyar ɗan fari ce, kowa ya gaya min haka. Duk da haka har furfura ta fito min ina ɗauke da wata tambaya da ban iya furta wa kowa ba: matar nan tana sona kuwa?

Wata ƙanwata ce ta kai mata babbar waya ta shafawa, ta koya mata abu ɗaya tak: danna nan, yi magana, ɗaga yatsa. Inna ba ta yi boko ba, amma saƙon murya ya zo mata daidai. Ko a nan ma ba ta yarda ta aiko min kai tsaye ba, wayar matata take aika wa. Za ta jero jikoki da sunayensu, ta ba da labarin shanu da yadda gero ya ci a kasuwar Babura, can a ƙarshe ta ce, "Ki ce da wancan ana gaishe shi."

Wata rana da damina, 'yan watanni kafin ta kwanta ciwo, saƙo ya shigo mai tsawon da bai saba ba. Farkonsa gaisuwar kullum ce, daga nan sai ƙarar kwanuka da kukan kaji. Ashe yatsanta ne ya zame sama, wayar ta ci gaba da ɗauka, ita kuma ta ajiye ta kan faifai ta kama harkarta. Da ta dawo ta danna, duka ya taho.

Matata ta ce, "Malam, Inna ta yi kuskure. Bari in goge, wayar ta cika."

Na ce ta dakata, ba don komai ba sai don na yi kewar kajin gidanmu.

Na ji ƙarar buta, na ji an shimfiɗa tabarma, ta yi sallar la'asar. Da ta sallame sai ta fara addu'a ƙasa-ƙasa, rabi Fillanci rabi Hausa. Ta fara da iyayenta. Sannan ta ce, "Allah ga Sa'idu. Kai ka san ba na iya faɗa masa. Ka riƙe min shi." Sai bayan nan ta zo kan ƙannena.

Shekarata arba'in da bakwai a lokacin. Na shiga ɗaki na tura ƙofa, na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro. Ban taɓa gaya wa Inna ba, don na san da ta ji, rijiya za ta jefa wayar. Da na je gida bayan haka ta amsa wa bango kamar kullum, ni kuwa ban taɓa jin daɗin gaisuwa irin ta ranar ba.

Nakan yi tunanin me za ta ce da wayoyin yau, waɗanda ake naɗewa kamar tabarma, da matasan da ke ɗaukar kansu bidiyo a wurin ta'aziyya. Ina jin tsaki kawai za ta yi ta koma kan damun furarta. Kwanan baya abokin aikina Malam Nasiru, wanda labarin sabuwar waya ba ya wuce shi, ya ce min, "Ka ba ni muryar nan. Akwai manhajar da za ta kwaikwaye ta, ta kira sunanka sau nawa kake so." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na kuma gode masa, amma na ƙi. Sunan da ta yi shekara da shekaru tana yi wa kara, ba zan sa inji ya cusa mata shi a baki ba. Sau ɗayan da ta faɗa da kanta ya ishe ni.

Shanunta an raba su, ɗakinta ma damina ta cinye shi. Abin da ya rage min shi ne wannan saƙo, da tarbiyyar da ta sa ni ma ban taɓa kiran sunanta ba tana raye. Yanzu kullum bayan la'asar, kafin in tashi daga sallaya, nakan ce: Allah ga Dije, ka riƙe min ita.