Ramar da ke Ɗakin Maƙwabcina

Lokacin da nake zaman haya a Romi, ɗakina yana jikin na wani makanike mutumin Gabas, mai gyaran janareto a Kakuri. Ba shi da yawan magana. Ni tela ce, kullum ina gida, don haka da mahaifinsa ya rasu, ni ya kawo wa makulli.

"Mama, akwai shuka a uwar ɗaki, sun fara fure. Ki riƙa ba su ruwa da safe. Abeg, kar ki buɗe taga."

Na yi masa gaisuwar rasuwa, na karɓa.

Bokitan fenti ne guda shida, an jera su ƙarƙashin wata fitila mai haske, ga ƙaramar fanka tana juyawa. Ina ganin ganyen na ce rama ce. A gona na tashi, kwaɗon rama kuwa mun ci har ya gundure mu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne mutum da hankalinsa ya bar wa rama ɗaki guda har da fanka, shi yana kwana a falo.

Na san furen rama: mai faɗi ne, da ja a tsakiya. Waɗannan kuwa wasu dunƙule-dunƙule ne masu fararen gashi, suna danƙo a yatsa, ga wari mai kama zani. Na yanke cewa ciwo ne, kuma rashin rana ya jawo shi. Mutanen birni gani suke komai da lantarki ake yi.

A rana ta biyar aka ɗauke wuta tun safe. Na tarar da su cikin duhu, tausayi ya kama ni. Na kinkimo su ɗaya bayan ɗaya na jera a tsakar gida, kusa da igiyar shanya, na koma kan kekena.

Da azahar Baba, mai gidan da muke haya, ya dawo daga gonarsa ta Kakau. Tsohon soja ne, dattijo a coci. Ya tsaya a kansu ya daɗe, ya murza ɗaya ya shinshina.

"'Yata, wannan na wane ne?"

Na faɗa masa, har da bayanin yadda na cece su.

"Ba rama ba ce. Wiwi ce."

Bai kira 'yan sanda ba. Ya ce ba su taɓa shiga gidansa ba, kuma ba yanzu za su fara ba. Ya tumɓuke su, ya cusa a buhu, ya kai gona ya ƙone. Mai ɗakin kuma, in ya dawo, kwana uku zai ba shi ya kwashe kayansa.

Bayan mako guda makaniken ya dawo, kansa a aske saboda makoki. Ya ga bokitan a ƙofarsa, na wanke su tas na kife. Ya shiga wajen Baba, ya fito, bai tambaye ni komai ba. Ya buɗe jakarsa ya miƙo mini galan na manja.

"Mahaifiyata ta ce a gode miki da kika kula mini da ɗaki."

Ranar Asabar ya tashi. Har yau ban ce abin da ya shuka daidai ne ba. Amma na ji kunya, domin a gidan kaf ni kaɗai ya amince wa da makullinsa. Manjan mai kyau ne. Na kasa zuba shi a miyata, sai na ba matar Baba.