Wanzamin da Ya Rasa Mai Yi Masa Aski

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Audu Wanzam, mai rumfa a bakin kasuwar Kontagora. Har yau idan na ji ƙamshin sabulu cikin ruwan ɗumi, sai in ga kamar zan waiwaya in tarar da shi yana naɗe hannun riga.

Bayan samun 'yancin kai ne gidan reza ya yawaita a kantuna, ɗan ƙarfen nan da ake kwance wa kai a sa reza a ciki. Akawuna da malaman makaranta suka yi ta saye, suna zuwa wurin Baba fuska duk yanka da ƙuraje. Bai yi musu dariya ba. Ya sayi nasa, ya yi ta gwadawa a kumatunsa har ya gane halinsa, sannan ya koya musu: a jiƙa gashi da ruwan ɗumi tukuna, a bar kumfa ta zauna, a bi kwanciyar gashi, a ja fata da yatsa a ƙarƙashin haɓa. Abin da ya fi nanatawa shi ne, "Kada ka danna. Bar nauyin ƙarfen ya yi aikinsa."

'Yan'uwansa wanzamai suka ce ya tona asirin sana'a, suka ƙaurace wa rumfarsa. Amininsa, wani akawu da muke kira Baba Garba, wanda shi aka fara koya wa, ya ce, "Rabu da su, Audu. Ai kana da mu."

Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, gashi ya cika masa fuska, shi da Juma'a ba ta taɓa riskarsa ba gyara ba. Ya aike ni wurin Baba Garba. "Je ki, 'yata, ina tafe bayan La'asar," in ji shi. Baba ya sa aka jingina shi da bango, aka ɗumama ruwa. Ruwan ya huce, aka sake ɗumamawa. Baba Garba bai zo ba, ranar ko wata rana. Wanzamai kuwa suka ce ya nemi waɗanda ya koya wa. An ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Waɗanda ya koya wa ɗin kuwa sun ci, sun goge baki.

Ni na yi masa, ina 'yar makaranta da ta zo hutu, ko da yake aski ba aikin mata ba ne. Na danna rezar, na yanke shi a haɓa. Da karkataccen bakinsa ya ce, "Kada ki danna, Uwani."

Kwanan baya a wani taron suna, ina daga zaure na ji Baba Garba yana faɗa wa samari cewa wani Bature ne ya koya masa aski a Kaduna. Na durƙusa na gaishe shi. Na yi ta tunanin me Baba zai ce. Na san shi. Haɓar mutumin kawai zai duba, ya ce har yanzu Garba yana dannawa.

Rumfar ta zama ta mai gyaran keke. Amma kowace safiya, a gidaje da yawa na garin nan, hannun Baba ne ke bin fuskokin mutanen da suka manta sunansa. Allah ya jiƙansa. Ni dai na kasa koyon sauƙin hannunsa, balle sauƙin zuciyarsa. Duk lokacin da na tuna ruwan nan da ya huce, dannawa nake yi.