Ƙibar da Aka Yi wa Yayata

A danginmu ba a tambayar mace lafiyarta, kallonta ake yi. In wuya ya ninke, awarwaro ya nutse cikin tsoka, to lafiya lau, gidan miji ya karɓe ta. In kuwa ƙashin wuya ya fito, ko da gudu take iya zuwa Malikanchi ta dawo, sai a hau tafa hannu ana salati. Shugabar wannan awo na ido ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, matar da ko zazzaɓi ba ta iya ganewa a jikin yaro amma ta fi kowane likita sanin jikin mutane. Ita da 'yan kanzaginta suka ci lafiyar yayata, kuma har yau ba wanda ya ce musu kanzil.

Ni da Yaya mun taso a wani ƙauye kusa da Kurmin Kogi, dukanmu sirara. Yaya kan ɗauko buhun tumatir daga fadama ta kawo gida ba ta sauke a hanya ba. Da ta zaɓi wani mai fataucin rake ɗan Makarfi aka sa ranar aure, sai Gwaggo ta tattaro kayanta ta tare a gidanmu. Wai ba za a kai wa mutane tsinke ba, su ce a gidanmu ba a ɗora tukunya. Ta hana Yaya ko shara. Kunun gyaɗa da safe, fura da nono da rana, tuwo da man shanu yana iyo a kai, kuma tana zaune a gefe sai an suɗe kwano. Ranar kai amarya mata suna ta guɗa, suna cewa Gwaggo ta iya gyara.

Daga nan sai haihuwa ta karɓi aikin. Duk jego ga ruwan zafi, ga kunun kanwa kwano-kwano, ga gasasshen nama da yaji da gishiri, ga kwanciya. Kowane yaro ya zo sai ya bar mata wani nauyi da ba ya tafiya. Tun ba ta taɓa ganin cikin jirgi ba aka fara ce mata Hajiya. Ni kuwa da nake koyarwa a firamare a Ikara, jikina bai canza ba, duk taro sai Gwaggo ta tambaye ni ko alli nake ci. Na saba, ba ya damuna.

Yaya ta haura arba'in ciwon kai ya fara. Ƙeya ta riƙe, jiri in ta miƙe, kunne yana ƙara. Sai ta ɗaure ɗankwali tamau ta haɗiyi maganin ciwon kai ta ci gaba da hidima. Da ƙyar na ja ta asibiti. Malamar asibitin ta naɗa mata abin awo a damtse, da ƙyar ya zagaye, ta duba, ta kwance, ta sake naɗawa. Ta ce hawan jini ne, kuma ba na wasa ba. Ta ba ta magani ta ce kullum, ko ta ji sauƙi. Ta ce a rage gishiri da dunƙule da mai, a bar kanwa, a riƙa taka ƙasa, jikin nan sai ya ragu.

Wallahi Yaya ta yi ƙoƙari. Bayan sallar asuba sai ta zura hijabi ta taka har bakin gonakin rake ta dawo. Ta ware 'yar tukunyar miyarta daban. Kafin damina ta zagayo zaninta ya fara yi mata yawa, ciwon kai ya tafi, tana ruku'u ta ɗago ba ta dafa bango ba. Muka koma awo, malamar ta ce madalla, a ci gaba haka. A hanyar gida Yaya har tsokanata take, wai ta kusa kamo ni. Na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba.

Sai bikin 'yar ƙanin babanmu ya taso a Kudan. Muna shiga tsakar gida, mata maƙil, Gwaggo ta ɗago daga tabarma ta dubi Yaya sama da ƙasa.

"Innalillahi! 'Yar nan, wa ya mutu? Ko karayar arziki ce ta samu maigidan naki ake ɓoye mana?"

"Lafiya lau, Gwaggo," in ji Yaya. "Hawan jini aka ce, shi ne nake ragewa."

"Ji min shirme! Hawan jini ai tunani ne. Wanda ke cikin damuwa shi za a hana abinci? Ki ci ki kwanta, ki saki ranki. Waɗannan ƙwayoyin na asibiti su ke tsotse ki."

Mata suka ɗauka, kowa da nata. Wannan ta ce haka maƙwabciyarta ta fara kafin a gane ciwon nan da ba a faɗi ne. Waccan ta ce a dai bincika. Na ce musu awo ya nuna ta fi da lafiya, sai Gwaggo ta yi min kallon banza ta ce, "Ke rufe mana baki, so kike kowa ya bushe irinki." Aka kwashe da dariya. Matan da rabinsu ba sa iya tashi daga tabarma sai an miƙa musu hannu, su ne masu dariyar.

Maganar ba ta kwana a Kudan ba, ta riga mu isa Makarfi. A majalisar 'yan rake aka fara yi wa mijin Yaya shaguɓe, wai in kasuwa ta yi nauyi ya faɗa a taimaka. Shi kuma bawan Allah, mutumin da kunnensa ya fi kansa aiki, ya shigo gida a fusace da kai da ƙafa na saniya, ya ce daga yau tukunya ɗaya ce a gidansa, kuma ya soke yawon asuba, matar aure ba ta gantali a bakin gona. Bai taɓa raka ta awo ba, bai san ko launin maganinta ba. Gwaggo kuma ta aiko da gudummawarta, ƙananan ƙwayoyin nan na kasuwa da ake kira sha-ka-fashe.

Na je na sami Yaya a ɗaki na yi faɗa har muryata ta dishe. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ke kin saba da gori tun kina yarinya. Ni ban saba ba." Maganin asibitin na gani a kan taga, kwalin ya yi ƙura.

Jiki ya dawo har ya fi da. Fuska ta cika, ƙafa ta kumbura, aka ce kyau ne. Gwaggo tana yawo gida-gida tana cewa ita ta ceto yarinyar. Wata rana da hantsi Yaya tana tankaɗe gari a tsakar gida, rariya ta suɓuce daga hannunta, ita kuma ta kife a kan faifai. Kafin a samo mota a kai ta Zariya ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace.

Kun san abin da Gwaggo ta ce da ta zo dubiya? Kambun baka ne. Wai mutane sun ga ta yi kyau suka sa mata ido, shi ya sa tun farko ta ce a riƙa yi mata turare. Ta faɗi haka tana buɗe kwanon farfesu mai ya kwanta a kai, ta ce a daure a ɗura mata kar ta zube. Ban san lokacin da na ɗauki kwanon na ajiye mata shi a zaure ba. Har gobe ana ce min marar kunya a dangi, kuma ko a jikina.

Yanzu duk hutun mako ina Makarfi, ni ke wa Yaya wanka, ni ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Hannun da ya shanye ya motse, ya koma fata da ƙashi. Makon jiya ina shafa mata mai muka ji sallamar mata 'yan dubiya a zaure. Sai ta hau yunƙuri, tana wata magana da ban gane ba, idonta duk ya firfito. Na zaci ciwon ne ya motsa, na sunkuya na kai kunnena bakinta.

"Rufe min hannun," ta ce. "Kar su ce na rame."